BABI NA UKU: TARIHIN KUƊIN KOTU DA SOKE ƘARA A NIJERIYA TA AREWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren kotunan da ake da su a ƙasar Hausa, tare da hurumin kowace daga cikinsu. A wannan babi kuwa za a dubi wani al'amari wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya faɗa wa mutum, wato kuɗin da mai ƙara yake biya kafin a saurare shi, da kuma abin da kan sami ƙararsa idan bai biya ba. Nazarin ya taƙaita ne a kan ƙararrakin haƙƙi, wato waɗanda ba na laifi ba, kamar bashi da gado da aure da rikicin gona ko fili.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, a cikin shekaru kimanin ɗari kuɗin kotu ya tashi daga ƙarshen shari'a ya dawo bakin ƙofarta. A da, kaso ne da ake cira daga abin da mutum ya samu bayan an ƙwato masa haƙƙinsa. Daga baya sai ya zama sharaɗi wanda idan ba a cika shi ba alƙali ba zai ko buɗe bakinsa a kan maganar ba. Za a bi wannan sauyi daki-daki, tun daga zamanin Daular Usmaniyya ta Sakkwato har zuwa hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli ta Nijeriya.

3.1 Bambancin Soke Ƙara da Korar Ƙara

Kafin a shiga cikin tarihi ya kamata a bambance kalmomi biyu waɗanda jama'a kan ɗauka ɗaya ne. A wannan nazari, soke ƙara na nufin kotu ta cire ƙarar daga jerin shari'un da ke gabanta ba tare da ta duba gaskiyar maganar ba. Wanda aka soke wa ƙara yana da damar ya gyara kuskurensa ya sake shigar da ita. Korar ƙara kuwa, a mafi yawan lokuta, tana zuwa ne bayan an saurari ɓangarorin biyu, kuma ba a sake kawo wannan magana tsakanin waɗannan mutane, sai dai a ɗaukaka ƙara.

Hukuncin rashin biyan kuɗin kotu a dokar Nijeriya shi ne sokewa, ba kora ba. To amma kamar yadda za a gani a gaba, akwai lokutan da sokewar kan zama daidai da kora a wajen mai ƙara, domin kafin ya dawo ƙofa ta riga ta rufe.

3.2 Kuɗin Shari'a Kafin Zuwan Turawa

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, sun tafi a kan cewa abincin alƙali yana fitowa ne daga baitulmalin Musulmi, ba daga aljihun masu shari'a ba. Hikimar hakan a fili take, domin alƙalin da yake ci daga hannun mai ƙara zai yi wuya ya iya kallon idonsa ya ce ba shi da gaskiya. Duk da haka malaman ba su ce shari'a ba ta da wata ɗawainiya ko kaɗan ba. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna dogaro da shi, ya nuna cewa ladan manzon da aka aika ya kirawo wanda ake ƙara yana wuyan mai neman haƙƙi, amma idan wanda ake ƙara ya yi taurin kai ya ƙi zuwa, sai ladan ya koma kansa. Ke nan tun a nan an fara duba wane ne ya jawo ɗawainiyar kafin a ɗora wa mutum ita.

Ɗaya daga cikin abubuwan da masu jihadin 1804 suka zargi sarakunan Haɓe da su shi ne mayar da shari'a abin saye. A cikin Kitabul Farƙ an lissafa cin hanci da karɓar gaisuwa kafin a kai mutum gaban mai mulki a cikin munanan al'adun da ya wajaba a bari. Haka nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Liya'ul Hukkam wanda ya rubuta a Kano, ya yi bayani a kan sharuɗɗan alƙali da wajabcin daidaita masu shari'a a gabansa.

A aikace kuwa, abin da ya kafu a masarautu shi ne ushira, wato kashi ɗaya cikin goma da ake cira daga bashin da kotu ta karɓo wa mutum, ko daga dukiyar gadon da ta raba. Wannan tsari yana da aibinsa, domin ya sa alƙali da muƙarrabansa suna da rabo a cikin sakamakon shari'ar da suke yankewa. Amma yana da wata fa'ida guda wadda ta shafi wannan nazari kai tsaye. Tunda ana cire ushira ne a ƙarshe, daga abin da ya riga ya shigo hannu, matalaucin da yake bin attajiri bashi ba ya bukatar ya tanadi komai mai yawa kafin ya tsaya gaban alƙali. Saboda haka batun soke ƙara don rashin biya bai zama babbar matsala a wancan tsari ba.

3.3 Asalin Tsarin Biya Tun Farko

Tsarin biya kafin a saurari mutum ya zo mana ne daga Ingila, don haka sai an ɗan waiwayi can kafin a fahimce shi. A tsohuwar dokar Ingila mutum ba ya fara ƙara a kotun sarki sai ya sayi takardar umarni daga ofishin sarki. Wannan ciniki ya yi ƙamari har ya kai ga cewa a cikin yarjejeniyar Magna Carta ta shekarar 1215 manyan ƙasa suka sa Sarki John ya yi alkawarin ba zai sayar wa kowa da adalci ba, ba zai hana shi ba, ba kuma zai jinkirta shi ba. Alkawarin bai kawar da kuɗin kotu ba, sai dai ya zama abin kafa hujja ga duk mai sukar tsadarsa.

A shekarar 1495, zamanin Sarki Henry na Bakwai, aka yi wata doka wadda ta ba matalauci damar ya sami takardar ƙara kyauta, a kuma ba shi lauya ba tare da ya biya ba. Bayan shekaru ɗari uku, a 1795, masanin falsafar doka Jeremy Bentham ya fitar da wata maƙala ta sukar harajin shari'a, inda ya nuna cewa shi ne mafi munin haraji, domin ana karɓarsa ne daga mutum a daidai lokacin da aka zalunce shi. Abin lura a nan shi ne, a ƙasar da tsarin ya samo asali, sharaɗin biya da ƙofar afuwa ga matalauci tare suka taso.

3.4 Zamanin Mulkin Mallaka da En'e

A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ayyana Nijeriya ta Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Ingila, kuma a wannan shekara aka yi dokar farko ta kotunan gargajiya, wadda aka sake wa fasali a 1906. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, amma a ƙarƙashin sa idon Razdan da Di'o. Ta haka aka sami tsari biyu a ƙasa ɗaya: kotunan Turawa masu bin ƙa'idar Ingila, da kotunan alƙalai masu bin fiƙihun Malikiyya. Daga baya aka kasa kotunan gargajiya zuwa daraja huɗu, daga A zuwa D, gwargwadon girman shari'ar da kowace za ta iya yi.

Babban sauyin da ya shafi kuɗi ya zo ne da kafa Baitulmali. An fara gwada tsarin a Katsina a ƙarƙashin Razdan Palmer, kuma wajen shekarar 1911 ya bazu zuwa sauran masarautu. Daga nan aka yanka wa alƙalai albashi, aka kuma wajabta cewa ushira da tara da duk wani kuɗin da kotu ta karɓa a rubuta shi a littafi, a ba da rasit, a kai Baitulmali. Wannan gyara ya raba alƙali da rabon da yake samu a cikin shari'a, wanda abu ne mai kyau. Sai dai kuma ya haifar da wani sabon abu, wato kotu ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin samun kuɗin shiga na En'e, kafaɗa da kafaɗa da haraji da jangali. Da zarar kuɗin kotu ya shiga cikin kasafin shekara, dole a sami mai binciken littafi wanda zai tambayi rasit ɗin kowace ƙara. Sannu a hankali kuɗin sammaci da ake biya tun farko ya zama shi ne mabuɗin shari'a, magatakardan kotu kuma ya zama mai tsaron ƙofa.

Gyare-gyaren da suka biyo baya, wato na Gwamna Cameron a 1933 da dokar kotunan gargajiya ta Jihar Arewa ta 1956, sun buɗe hanyoyin ɗaukaka ƙara, kuma kowane mataki yana da nasa kuɗin. Dokar soja ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan sarakuna, ta kafa kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatocin jihohi. Kotunan Shari'ar Musulunci da wasu jihohi suka kafa bayan matakin da Zamfara ta ɗauka a 1999 su ma sun gaji wannan tsari na rajista da rasit.

3.5 Matsayin Kotun Ƙoli

Tambayar da ta daɗe tana kai da komo a manyan kotunan Nijeriya ita ce: shin rashin biyan kuɗi yana hana kotu hurumi ne baki ɗaya, ko kuwa kuskure ne wanda ake iya gyarawa? Amsar tana da nauyi ƙwarai, domin a dokar Nijeriya duk shari'ar da aka yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce, komai kyan yadda aka gudanar da ita, kuma ana iya tayar da maganar hurumi a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne.

A shari'ar Onwugbufor da Okoye ta shekarar 1996, wadda rikicin fili ce daga Jihar Anambra, Mai shari'a Iguh ya bayyana cewa nauyi ne a kan mai ƙara ya biya kuɗin kowace bukata da ya gabatar, kuma bukatar da ba a biya wa kuɗi ba, ba ta gaban kotu yadda ya dace, don haka sai a soke ta. Amma ya bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko ita ce idan kotu ta yafe kuɗin, ta biyu kuma idan mai ƙara ya nemi izinin gyara kuskuren. A shekarar 2004, a shari'ar Okolo da Bankin Union, Mai shari'a Niki Tobi ya ƙara ƙarfafa wannan matsayi, inda ya nuna cewa biyan kuɗi sharaɗi ne da ke gabatar hurumi. A wannan shari'a an soke ƙarin bukatun da aka shigar ta hanyar gyaran takardar ƙara ba tare da an biya musu kuɗi ba.

Waɗannan hukunce-hukunce sun zama makami a hannun lauyoyin waɗanda ake ƙara. Maimakon a tunkari ainihin magana, sai a koma binciken rasit, ko za a dace da gibin 'yan nairori da za a rushe shari'ar shekaru da shi. Matsalar kuwa ita ce, ba mai ƙara ne yake yanke wa kansa abin da zai biya ba. Magatakardan kotu ne yake duba takarda ya ƙiyasta kuɗin, shi kuma mai ƙara ya biya abin da aka rubuta masa.

Wannan ne ya kai ga shari'ar Akpaji da Udemba ta shekarar 2009. A nan wanda ake ƙara ya shigar da takardar kariyarsa tare da tasa da'awar a kan mai ƙara, ya biya abin da aka ƙiyasta masa, amma ofishin rajista bai sa kuɗin da'awar a cikin lissafi ba. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Ogbuagu, ta ce ba a kama mai shari'a da laifin ma'aikacin kotu, kuma maganin irin wannan gibi shi ne a umarci mutum ya cika abin da ya rage, ba a rushe shari'a ba. Idan aka haɗa hukunce-hukuncen uku za a ga cewa doka ta bambance mutum biyu: wanda bai biya ba bisa sakacinsa, da wanda ya biya abin da aka ce ya biya amma aka yi kuskuren lissafi. Na farko ana soke ƙararsa idan bai gyara ba, na biyu kuwa ana ba shi damar cikawa.

3.6 Lokacin da Sokewa Kan Zama Kora

An faɗa a baya cewa wanda aka soke wa ƙara yana iya dawowa. To amma doka ta yanka wa ire-iren ƙararraki da dama wa'adi. Alal misali, dokar tarayya mai kare jami'an gwamnati ta ba wanda jami'i ya cuta a bakin aikinsa wata 3 kacal ya kai ƙara. Haka kuma sashe na 285 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba mai ƙalubalantar zaɓe kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako. Idan aka soke irin wannan ƙara bayan wa'adi ya wuce, to mai ita ya yi biyu babu, ba haƙƙi, ba kuɗin da ya kashe.

A shekarar 2018, a shari'ar kamfanonin Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta sassauta, inda ta ce lissafin wa'adi yakan tsaya a tsawon lokacin da ƙara take gaban kotu, ko da daga baya an soke ta. Sai dai a ganin mai wannan nazari, wanda bai biya ko kwabo ba yana cikin haɗari duk da haka, domin abokin shari'arsa zai iya cewa ƙarar da ba a biya wa kuɗi ba tun asali ba ta shiga kotu ba, balle ta tsayar da wa'adi.

3.7 Wanda Ba Shi da Halin Biya

Akwai mutum na uku wanda hukunce-hukuncen da aka ambata ba su yi magana a kansa sosai ba, wato wanda bai ƙi biya ba, ba a kuma yi masa kuskure ba, ba shi da shi ne kawai. A rubuce dai doka ba ta manta da shi ba. Ƙa'idojin tafiyar da shari'a na Manyan Kotunan jihohi da dama sun gaji dokar 1495, sun ba alƙali ikon ya yarda mutum ya yi ƙara a matsayin matalauci idan ya kawo takardar rantsuwa mai nuna rashin halinsa da kuma cewa ƙararsa tana da tushe. Bugu da ƙari, an kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a a 1976, wadda ta fara da shari'un laifi, daga baya dokar 2011 ta tabbatar mata da ikon shiga ƙararrakin haƙƙi. Sashe na 17 na Tsarin Mulki ma ya ambaci sauƙaƙa wa jama'a isa ga kotu, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa.

Matsalar ita ce wanda aka yi wa wannan tanadi shi ne mafi ƙarancin saninsa, kuma neman afuwar kansa yana bukatar takarda da Turanci da wanda zai rubuta. Wani abin mamaki kuma shi ne, kamar yadda aka nuna a shari'ar Onwugbufor, ƙa'idar kotu ta ɗauke wa ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi biyan wannan kuɗi. Ke nan mafi ƙarfin masu shari'a yana shiga kyauta, mai rauni kuwa sai ya biya.

Wasu ƙasashe masu bin tsarin Ingila sun fuskanci wannan tambaya gaba da gaba. A Amurka, a shari'ar Boddie ta 1971, wasu matalauta a Jihar Connecticut sun kasa biyan kimanin dala 60 na neman raba aure, sai Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tunda kotu ce kaɗai hanyar raba aure, ba za a rufe ta ga wanda ba shi da kuɗi ba. Amma a 1973, a shari'ar Kras, kotun ta ƙi faɗaɗa wannan ga mai neman a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, duk da cewa kuɗin dala 50 ne. A Ingila kuwa, an sa wa kotunan ma'aikata kuɗi har zuwa fam 1,200 a shekarar 2013, yawan ƙararraki ya ragu da kimanin kashi biyu cikin uku, sannan a Yulin 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta rushe dokar a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta kai.

Hujjar shari'ar Boddie ta dace da halin ƙasar Hausa ta wata fuska. Miji yana iya sakin matarsa a ɗaki ba tare da ya taka ƙofar kotu ba. Amma macen da ake cutarwa, miji ya ƙi ci da ita ya kuma ƙi sakinta, idan sulhun iyaye ya gagara ba ta da wata hanya sai wajen alƙali. Don haka kuɗin sammaci, komai ƙanƙantarsa a idon mai hali, a kanta ya fi nauyi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda kuɗin shari'a ya faro a matsayin ushira da ake cira a ƙarshe, yadda kafa Baitulmali ya mayar da shi kuɗin shiga mai rasit, da yadda Kotun Ƙoli ta ɗaga shi zuwa sharaɗin hurumi a 1996 da 2004, kafin ta sassauta a 2009. Ba a musun cewa kuɗin kotu yana da amfani, domin yana rage ƙararrakin neman fitina, yana kuma taimakawa wajen ɗaukar ɗawainiyar aiki. Ba kuma ana kira ne a koma wa ushira ba, tunda an nuna aibinta. Abin da tarihin ya koyar shi ne, kowane tsari da aka bi ya tanadi wata hanya ta sauraren wanda ba shi da kuɗi a hannu, kuma tsarin da aka gada daga Turawa ya riƙe sharaɗin biya da ƙarfi amma ya bar ƙofar afuwa a cikin littafi.

Saboda haka wannan nazari yana ganin ya kamata, kafin a soke kowace ƙara don rashin biya, alƙali ya tambayi dalili a bainar kotu, ya ba da wa'adin cikawa, ya kuma sanar da mai ƙara da harshen da yake ji cewa yana da damar neman afuwa. Haka nan ya dace a liƙa jadawalin kuɗin kotu da Hausa, a boko da ajami, a ƙofar kowane ofishin rajista, domin mutum ya san abin da doka ta ce ya biya. A babi na gaba za a dubi matsayin magatakardan kotu da sauran ma'aikatan rajista, waɗanda ta hannunsu kowace ƙara take fara bi.